Jawabin Maraba da Mai Girma Kwamishinan Matasa da Wasanni a Birnin Las Vegas, Yunin 2018

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe, da 'yan tawagarka. Malamanmu, iyayenmu mata, 'yan uwa da abokan arziki, barkanmu da Sallah. A madadin Hausawa mazauna wannan gari ina yi maka maraba lale. Ka sha hanya, ka kuma sauka a tsakiyar hamadar Nevada a watan da zafi ke haura digiri 40. Allah ya huta gajiya.

Tunda wasanni ne aikinka, ranka ya daɗe, ka zo a kan gaɓa. A 7 ga wannan wata aka kammala kakar farko ta ƙungiyar Vegas Golden Knights, mai buga hoki a kan ƙanƙara. Mutum shida-shida ake shiga, da takalma masu kaifi a ƙasa da sanduna a hannu, ana korar 'yar baƙar roba zuwa raga. Yawancinmu ba mu taɓa kallonsa ba kafin bara.

A 2016 hukumar NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ta amince da kafa ƙungiyar, attajiri Bill Foley da abokansa suka biya dala miliyan 500. To ina za a samo 'yan wasa? Aka ce kowace daga tsofaffin ƙungiyoyi 30 ta killace gwanayenta tara ko goma sha ɗaya, Vegas ta ɗauki mutum guda daga ragowar kowacce. Ma'ana, duk wanda ya iso nan, gidansu ne suka ga za su iya rayuwa ba shi. Shi kansa kocin, Gerard Gallant, ƙungiyar Florida ce ta sallame shi a Nuwamban 2016. Akwai William Karlsson, ɗan Suwidin, wanda ya ci ƙwallo 6 kacal a Columbus kakar da ta gabata. Har ƙari Columbus ta yi wa Vegas don ta ɗauke shi ta bar mata wasu. Da ya samu filin da zai yi wasa, 43 ya zura. Mai tsaron raga Marc-André Fleury kuwa, da kofi uku a tarihinsa, Pittsburgh ta sake shi saboda ta samu matashi.

Sai ga jarrabawa. Daren 1 ga Oktoban 2017 wani ya buɗe wuta kan masu kallon casu daga tagar otal, mutum 58 suka rasu, ɗaruruwa suka jikkata. Da yawa cikinmu tuƙi muke yi ko aikin otal da asibiti, mun ga yadda garin ya yi tsit. 'Yan wasan nan, baƙi ne su ma a lokacin, suka bi wuraren ba da jini da ofisoshin ma'aikatan ceto suna gaisuwa. A wasansu na farko a gida, 10 ga Oktoba a T-Mobile Arena, aka yi shiru na daƙiƙa 58, ɗan wasansu Deryk Engelland wanda ya daɗe da zama a garin ya yi wa jama'a jawabi, suka doke Arizona 5 da 2. Daga baya suka jingine lamba 58, babu wanda zai ƙara sa ta. Tun ranar mutanen Las Vegas suka riƙe su hannu bibbiyu, mu ma muka bi.

Sun ci wasa 51 cikin 82, suka zo na ɗaya a rukuninsu da maki 109. Suka fitar da Los Angeles, da San Jose, da Winnipeg. Wasannin ƙarshe da Washington sun faɗo cikin Ramadan, da azumi a bakinmu muka kalla. Vegas ta ci na farko, Washington ta ci huɗu a jere ta ɗauki Kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, a nan filinmu. Ya yi mana zafi, amma wa ya zaci za a kai nan?

Ga kukanmu, ranka ya daɗe. Ba ƙanƙara muke roƙo a kai gida ba. Kowannenmu ya san yaro a unguwarsu mai ƙafa, aka gwada shi sau ɗaya aka ce ya je gida, yanzu yana acaba. Muna roƙon ma'aikatarka ta raya gasar unguwanni da ta makarantu, a sa masu farautar 'yan wasa su riƙa zama a bakin fili, kuma wanda wani kulob ya ajiye a benci a buɗe masa hanyar komawa wani. Mu ma a shirye muke mu taimaka da takalma da riguna gwargwadon hali.

Gobe in Allah ya kai mu za mu raka ka City National Arena da ke Summerlin, inda ƙungiyar ke atisaye kowa ya shiga ya kalla, yaran gari kuma ke koyon tafiya a kan ƙanƙara. A taho da rigar sanyi, ciki ba kamar waje ba ne.

Allah ya sa ka gama ziyararka lafiya, ya mayar da kai gida lafiya. Iyayenmu mata sun shirya tuwo da miyar kuka, bismillah.

Wassalamu alaikum.