Jawabin maraba ga Mai girma Ministan Kiwo daga kwamitin makiyayan jahar Damagaram

Assalamu alaikum. Mai girma Minista, Mai girma Gwamna, Mai Martaba Sultan na Damagaram, Allah ya ja zamaninka, sarakunan Fulani, na Buzaye da na Tubawa, jama'a baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, barka da sauka, sannu da hanya. Aikinka ya riga ka isowa, ba sai mun tsaya yi maka kirari ba. Buƙatarmu ɗaya ce, da ita za mu fara: tallafin makiyaya, kuɗi da abincin dabbobi, ya iso hannunmu kafin watan Maris ya fita.

Garin da ka sauka ba ƙaramin gari ba ne. Nan Sarki Tanimun ya ja ganuwa, ya sa aka ƙera igwa. Nan ayarin raƙuma ke yada zango tsakanin Kano da Agadas. Nan ne babban birnin ƙasa har 1926, lokacin da Turawa suka ɗauke shi suka kai Yamai, tun daga ranar kuwa komai sai ya yi tafiyar kusan kilomita 900 kafin mu gan shi. Farin 1973 da na 1984 sun mai da masu garke masu gadi a birane. A 2010 dabbobi suka sha yunwa duk rani, ruwan farko ya zo ya ƙarasa waɗanda suka rage.

Ga dalilin da ya sa muka nace wa Maris. Daga Afrilu ciyawa ta ƙare a arewacin Tanut, Tesker, Gure da Belbeji. Saniya ta rame, farashinta ya faɗi, na hatsi ya hau, sai makiyayi ya sayar da biyu ya sayi abin da ɗaya ke sayo masa a kaka. Saniyar da ke tsaye, kilo ɗaya zuwa biyu na dusa a yini zai riƙe ta, wato buhu mai kilo 50 ya kai ta wajen wata guda. Wadda ta riga ta kwanta, sai an sa itace a ƙarƙashinta mutum huɗu sun ɗaga, kuma da wuya ta tashi. In ruwan farko ya sauka, sanyi ya kama ta, ko ta bi sabon tsiro tana haɗawa da yashi har ya cushe mata tumbi. Dusar da ta iso a Yuni, ranka ya daɗe, ta zo ta'aziyya ne.

Sai maganar rajista. Ana rubuta sunaye a ƙauye, a lokacin da makiyayi ya bi ruwa da ciyawa ya yi nisa, sai sunan mai akuya uku a gari ya shiga, mai garke ya fita. A yi ƙidayar a bakin rijiyoyi da kasuwannin dabbobi, gaban ardo da likitan dabbobi. Kada a ce sai an nuna mushe: cikin 'yan kwanaki ungulu da rana sun gama da shi. Shaidar ardo da takardar rigakafi ta wadatar. Biya ta waya yana da kyau, amma akwai rugagen da sai an yi tafiyar yini kan raƙumi kafin a samu layi. Can a kai kuɗin hannu, ranar kasuwa, a kira suna a fili.

Muna kuma roƙon a sayi raunanan dabbobi tun da sauran nama a jikinsu, a yanka, a busar, a raba wa mabuƙata. A share hanyoyin tare gobarar daji da zarar ciyawa ta bushe, a gyara famfunan da suka tsaya.

Waɗannan za su iya biyowa baya. Dusa da kuɗin dai, ranka ya daɗe, kafin ƙarshen Maris. Ga takardar sunayen rijiyoyi da kasuwannin da muke so a yi rabon, shugaban kwamiti zai miƙa maka yanzu. Allah ya mai da kai gida lafiya.