Malamin lissafin da aka ce ɗalibansa sun yi satar amsa

Zainab: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Malam Habu ya riga kowa zuwa, har da takarda a hannu, don haka ku shirya.

Nura: Ai tun da guntun bidiyon nan na wani malamin lissafi a Amurka ya fara yawo a gurup gurup na san ba za mu sha ba. Duk wanda ya taɓa riƙe alli sai da ya turo min shi.

Malam Habu: Ni abin da ya dame ni ba bidiyon ba ne, abin da ake rubutawa a ƙasansa ne, wai malami ɗaya ya shiga aji ya mayar da daƙiƙai haziƙai cikin shekara guda. Ba haka aka yi ba wallahi. Bidiyon daga fim ɗin da aka yi a kansa ne a 1988, shi kuma fim dole ya matse labari, amma Jaime Escalante na gaskiya ya shiga makarantar Garfield a gabashin Los Angeles a 1974, abin da ake ta magana a kai kuma a 1982 ya faru. Ku ƙirga.

Nura: Takwas.

Malam Habu: Madalla, ashe lissafin bai gudu duka ba.

Zainab: Malam fara daga mutumin tukuna, don ni ban san ma ba ɗan Amurka ba ne sai jiya.

Malam Habu: Ɗan Bolibiya ne, a La Paz aka haife shi a 1930, iyayensa duka malaman makaranta. Ya yi shekaru yana koyar da lissafi da fiziks a can, sunansa ya fito, sai ya tattara ya tafi Amurka ba Turanci a bakinsa, takardunsa kuma aka ce ba su da amfani a can sai ya sake karatu daga farko. Mutum mai iyali, malami sukutum, ya koma goge-goge a gidan cin abinci a Pasadena, da dare yana zuwa kwaleji. Daga baya ya samu aiki mai kyau a kamfanin kwamfuta na Burroughs, ya gama digirinsa, sai ya ajiye aikin ya karɓi koyarwa da albashin da bai kai wancan ba. Yana da shekara 43 a lokacin.

Nura: To nan fa ni da shi muka raba hanya.

Zainab: Kai dama ko a mafarki ba za ka bar kamfani ka koma aji ba.

Nura: Anti Zainab ko ke ba za ki yi ba, kar mu yaudari masu sauraro.

Malam Habu: Makarantar kuma da ya je, yaran kusan duk 'ya'yan 'yan Meziko ne, talakawa, da yawa a gida Sifaniyanci ake yi, wasu iyayen ko firamare ba su gama ba, wasu yaran suna aiki bayan an tashi don a ci abinci a gida, ga 'yan daba a unguwa. Makarantar ta lalace har ana barazanar janye mata amincewar hukuma. Lissafin da ake ba su kuma na raini ne, yaro ɗan sakandare ana ba shi abin 'yan aji biyar saboda an riga an yanke cewa iyakarsa kenan.

Zainab: Shi kuma ya zo ya ce kalkulas.

Malam Habu: Bai ce ba a ranar farko, nan ne mutane ke kuskure. Sai 1978 ya fara ajin kalkulas, wato babban lissafin da aka saba yi a jami'a, kuma yara biyar kacal suka kai ga zama jarabawar. Jarabawar AP ce, wadda ɗan sakandare zai yi darasin matakin jami'a, maki daga 1 zuwa 5, in ka ci 3 ka haye, jami'o'i da yawa kuma su yafe maka wannan kwas ɗin. Makarantun masu kuɗi ne aka sani da ita.

Nura: Kalkulas ɗin nan shi ne dy dx ɗin da ya kore ni daga ajin kimiyya ko?

Malam Habu: Shi ne. Kuma ba shi ya kore ka ba, aljabara ce ta kore ka tun a JS 3 ba ka sani ba, abin da Escalante ya gane kenan. Ba yadda za a yi ka koya wa yaro kalkulas bai iya aljabara da joometiri ba, don haka sai ya koma baya yana gina azuzuwan ƙasa, ya jawo wani malami Ben Jiménez suka haɗa kai, suka shirya karatun hutu a kwalejin East Los Angeles inda yaro zai cike giɓin da yake da shi, har ƙananan makarantun da ke turo musu ɗalibai sai da ya bi. Shekarun nan da fim ya tsallake su ne aikin.

Zainab: Amma Malam kar ka rage masa, yadda yake koyarwar ma ai abin kallo ne. Ni wurin da ya shigo da hular kuku da wuƙar mahauta yana sara tuffa don ya nuna rabi da kwata, nan na tsaya na sake kallo.

Nura: Ka shigo da adda aji a nan ka gani, kafin ka kai ga kwata 'yan sintiri sun iso.

Zainab: Iyaye kuma su ce wa ya ci tuffar.

Malam Habu: A'a wannan gaskiya ne, mutumin ɗan wasa ne a aji. Kayan wasan yara yake tarawa yana misali da su, yana sa huluna kala kala, yana ba yara sunayen tsokana su ma suna kiransa Kimo, ƙa'idojin lissafi kuma sai ya laƙaba musu sunaye daga wasan ƙwallon kwando don su zauna a kai. Ajin ya mayar da shi kamar kulob ɗin ƙwallo, shi koci, jarabawa ita ce wasan ƙarshe, har riguna iri ɗaya suke da su. Amma a bayan wasan akwai gwaji kusan kullum, akwai zuwa da sassafe kafin a buɗe makaranta, akwai tsayawa bayan an tashi, akwai Asabar, akwai takardar alkawari da yaro da iyayensa za su sa hannu. Mu nan sai mu ɗauki hular mu bar Asabar ɗin.

Nura: To a zo wajen satar amsar, ni shi na zo ji.

Malam Habu: 1982 yara 18 suka zauna, duka 18 suka ci. Sai hukumar da ke shirya jarabawar, ETS, ta ce ba ta yarda da sakamakon 14 daga ciki ba, don sun yi kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya.

Zainab: Irin riƙe sakamakon da WAEC ke yi kenan.

Malam Habu: Kusan haka, sai dai su an ba su damar sake zama. Escalante ya harzuƙa, ya ce da 'ya'yan masu kuɗi ne masu sunan Turawa da ba a taɓa su ba, kuskure iri ɗaya kuma ai malami ɗaya ya koyar da su hanya ɗaya. 12 suka yarda suka sake, an tsare su da ido sosai, lokacin shiri kaɗan, duka 12 suka sake ci.

Nura: Shikenan an wanke su.

Malam Habu: To ai nan ne daɗin labarin. Akwai ɗan jaridar Washington Post, Jay Mathews, wanda ya bi lamarin shekaru kuma masoyin Escalante ne ba maƙiyi ba, shi ya samu ganin takardun wasu daga cikin yaran da izininsu, ya ga lallai a tambaya guda kuskuren ya yi kama da yawa, kuma biyu daga cikinsu suka faɗa masa cewa an zaga da wata 'yar takarda a ɗakin. Amsar da ke jikin takardar kuma ba daidai ba ce.

Nura: Tsaya tsaya Malam. Ekspo ɗin ne ba daidai ba?

Malam Habu: Ba daidai ba.

Nura: Innalillahi. A Amurka?

Zainab: Nura ya samu 'yan uwa.

Nura: A'a ku bari, wannan ciwo ne da na sani. A wata makaranta da ba zan faɗa ba, ana jarabawar gwaji, wani ya turo amsar zaɓi ɗaya cikin huɗu daga tagar baya, layinmu gaba ɗaya ya kwafa har da addu'a ga wanda ya turo, ashe na wani darasin ne daban. Ana bayoloji aka turo na gwamnati.

Zainab: Kuma ba wanda ya lura?

Nura: Wa zai lura, A ce da B da C, ba a rubuta sunan darasi a jikinsu ba. Wanda ya fi kowa ci a layin shi ne wanda barci ya kwashe, ya tashi ya cike da ka.

Malam Habu: Kai kana ina a layin?

Nura: Ni ai mai kallo ne Malam.

Zainab: Mai kallo da biro a hannu.

Nura: Abin da nake so in sani, shi wanda ya rubuta takardar a Garfield ɗin, ya aka yi da shi a unguwa? Don namu sai da ya yi sati bai bi ta bakin makaranta ba, har yau in an haɗu a ɗaurin aure Gwamnati ake kiransa, 'ya'yansa ma 'ya'yan Gwamnati.

Zainab: Allah sarki, yana sauraronmu ma wataƙila.

Nura: Gwamnati in kana ji ina gaisuwa, mun yafe amma ba mu manta ba.

Malam Habu: Ku dawo don Allah. Abin da nake so a riƙe, ko an zaga da takarda ko ba a zaga ba, ba ta ƙara musu komai ba tunda kuskure ce, kuma zama na biyu ya nuna yaran sun iya abin da hannunsu. Bayan haka ne ma abin ya bunƙasa, a 1987 yara 73 suka ci, wasu 12 kuma suka ci mataki na gaba wanda ya fi wuya. Makarantar talakawa ta zo tana gogayya da manyan makarantun ƙasar.

Zainab: Ni akwai inda nake da ja da shi fa. A 1998 da aka yi ƙuri'a a Kalifoniya, jihar da Los Angeles take ciki, kan a daina koyar da yara da harsuna biyu a koma Turanci zalla, shi yana cikin manyan masu goyon baya. Mutumin da shi kansa ya sha wahalar harshe. Alhali mu nan gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ife a 1970, yaran da aka koyar da Yarbanci a firamare ba su faɗi ba, sun ma fi.

Malam Habu: Hujjarsa ita ce jarabawa da aiki duk da Turanci suke, in ka ajiye yaro a ajin Sifaniyanci shekara da shekaru ka rufe masa ƙofa. Kuma da yawa daga mutanensa sun ji haushinsa a kan haka, ba ke kaɗai ba.

Zainab: To ni ina nan a kan bakana, sai mun ware wa wannan rana guda.

Malam Habu: Na yarda. Amma bari in faɗi wanda ba a sa shi a bidiyo, shugaban makarantar, Henry Gradillas. Shi ya tsaya masa, ya rage azuzuwan lissafin rainin nan, ya matsa wa yara su ɗauki aljabara, ya ce wanda makinsa ya yi ƙasa ba wasanni sai ya gyara, iyaye da malamai suka yi ta ƙorafi bai janye ba. Da Gradillas ya bar makarantar sai abubuwa suka fara tsami. Escalante ba ya korar yaron da ya ce yana so, ajinsa har ya haura 50 alhali yarjejeniyar ƙungiyar malamai 35 ta ce, ga hassadar suna da fim ya jawo masa, shi ma kuma ba mutum ne mai sauƙin zama ba, ba ya ɓoye raininsa ga malamin da yake ganin rago ne. A 1990 aka karɓe shugabancin sashen lissafi daga hannunsa, 1991 ya koma koyarwa a birnin Sacramento, Jiménez ma ya tafi, cikin 'yan shekaru yawan masu cin jarabawar a Garfield ya zube.

Nura: Aji 50 ne abin faɗa? Malam kai nawa ne a naka?

Malam Habu: Kar ka sa in yi kuka a gaban makirfo.

Zainab: A Sacramento ɗin ya maimaita abin?

Malam Habu: Ya yi ƙoƙari, yara sun amfana, amma bai kai na Garfield ba, don can yaran daga ƙabilu da harsuna daban daban suke, ba shi da wannan kusancin na harshe da iyaye, kuma ba azuzuwan ƙasa da ya gina da hannunsa. Daga baya ya koma Bolibiya yana koyarwa, ciwon daji ya kama shi, ya rasu a 2010 yana da shekara 79, a 2016 gidan wayar Amurka ya fitar da kan sarki mai hotonsa. To yanzu abubuwa uku da na rubuto waɗanda malami zai iya ɗauka, na farko…

Zainab: Malam mai ɗaukar sauti yana ɗaga min hannu tun ɗazu, an kira magariba kuma batirin ya yi ja.

Malam Habu: Minti biyu kawai, na farko shugaban makaranta…

Nura: Sai mako mai zuwa Malam, ka adana takardar, kar dai ka ba Gwamnati ya riƙe maka.

Zainab: Ku turo mana saƙonninku, musamman malamai masu aji sama da 50, muna so mu ji yadda kuke yi. Sai an jima.