Ɗiyar Magini da Ƙofar Harvard

Hadiza: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka. Malam Garba ya riga kowa zuwa yau, Nura kuma sai yanzu yake zama.

Nura: Yaya Hadiza, cunkoso ne wallahi.

Malam Garba: Kullum cunkoso. Mu shiga magana.

Hadiza: To, yau Amurka muka nufa. A ce ga wata yarinya a jihar Texas, iyayenta daga Meziko suka yi hijira, uban magini ne, uwar tana shara a otal. Ita ke zuwa ta ɗaya a ajinsu, ta ci maki 1500 cikin 1600 a SAT, wato jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka, kuma idonta na kan jami'ar Harvard. Kasancewarta 'yar asalin Latin Amurka zai ƙara mata wani abu?

Nura: Da kafin 2023 kika tambaye ni, sai in ce zai ƙara. Yanzu kam an rufe wannan ƙofar.

Malam Garba: Ranar 29 ga Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan Harvard da Jami'ar North Carolina, ta ce ba za a ƙara duba launin fata ko asalin ɗalibi wajen ba shi gurbi ba. Amma ku lura, tun 1978 kotun ta hana a ware wa wata ƙabila adadin kujeru. Abin da ya rage shi ne a ɗan ɗora asali a kan ma'auni tare da sauran abubuwa. Wannan ɗin ne aka cire.

Hadiza: Ke nan yarinyar nan ta yi asara, Malam?

Malam Garba: Ya danganta da inda ta nema. A MIT, shahararriyar jami'ar kimiyya da fasaha, 'yan asalin Latin Amurka sun kai wajen kashi 16 cikin 100 na sabbin ɗalibai a shekarun baya. Ajin farko da aka ɗauka bayan hukuncin, wato na 2024, suka dawo kashi 11. Baƙar fata kuwa daga 13 suka faɗo 5. Amma a Harvard ɗin da aka kai ƙara, a 2024 ɗin dai, na 'yan asalin Latin Amurka ya tashi daga 14 zuwa 16.

Nura: To wannan ne ya ɗaure mini kai. Doka ɗaya, kotu ɗaya, a nan ya sauka, a can ya hau?

Malam Garba: Saboda da aka rufe ƙofar an bar taga. Alƙalin Alƙalai John Roberts, wanda ya rubuta hukuncin, shi da kansa ya ce ba a hana ɗalibi ya ba da labarin yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa ba. Kun san a can ana rubuta 'yar maƙala a haɗa da takardun neman gurbi. Idan yarinyar ta rubuta cewa tun tana shekara 9 ita ke yi wa mahaifiyarta tafinta a asibiti, ita ke karanta wa ubanta takardar haya, jami'a na da damar ta ce wannan jarumta ce, ta ba ta maki a kai. Abin da aka hana shi ne a ba ta maki don kawai ta cika akwatin da ke cewa ga asalinta.

Nura: Malam, ka yi haƙuri, amma ni a ganina ba a rabu da Bukar ba, an haifi Habu. An dai sauya wa abin suna.

Hadiza: A'a Nura, akwai bambanci. Akwatin nan ba ya tambayar ko kai ɗan wane ne. Mutum sama da miliyan 60 ake kira 'yan Latino a Amurka, wato 'yan asalin Latin Amurka, kusan kashi 20 na jama'ar ƙasar. Cikinsu akwai ɗan likita daga Kuba da ya tashi a unguwar masu kuɗi a Miami, akwai ɗiyar maginin nan. Akwati ɗaya suke cikewa. Maƙalar ce za ta raba su.

Nura: Idan ta iya rubutawa ke nan. Ɗan likitan yana da wanda ake biya ya gyara masa tasa.

Malam Garba: Nan kam ka taɓo inda ke ciwo. Ni abin da ke ba ni haushi, duk surutun a kan launin fata aka yi, alhali babban fifikon yana nan daram. A shari'ar Harvard ɗin an fito da bayanan cikin gida, aka ga 'ya'yan tsofaffin ɗaliban jami'ar wajen ɗaya cikin uku ake ɗauka. Ga kowa da kowa kuwa, a 'yan shekarun nan wajen 4 cikin 100 ake ɗauka. Kotu ba ta taɓa wannan ba, don ba shi aka kawo gabanta ba.

Hadiza: Mai uwa a gindin murhu ke nan.

Malam Garba: Shi fa. Yarinyar da ke cikin misalinki ba ta da kowa a gindin murhun. Kuma 1500 ɗin nan da muke jinjinawa, dubban masu nema suna da shi ko fiye.

Nura: Wannan ya tuna mini rabon gurbi a jami'o'in tarayya a nan gida: kashi 45 cancanta, 35 'yan yankin da jami'a take, 20 jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Mu 'yan Arewa mun sha gori a kan kashi 20 ɗin nan.

Hadiza: Irin gorin da ake yi musu ke nan. Sonia Sotomayor, wadda ita ce 'yar Latino ta farko a Kotun Ƙolin, iyayenta 'yan Puerto Rico ne, a unguwar Bronx ta birnin New York ta tashi, ta yi manyan jami'o'in Princeton da Yale. Ba ta taɓa ɓoye cewa tsarin duba asali ne ya buɗe mata hanya ba, kuma ta fita Princeton da sakamako mafi daraja. Tana cikin alƙalai uku da suka ƙi amincewa da hukuncin.

Nura: To ni dai ku ba ni amsa. Yarinyar nan za ta shiga ko ba za ta shiga ba?

Malam Garba: Harvard? Ta nema, don idan aka ɗauke ta kuma kuɗin da iyayenta ke samu a shekara bai wuce dala 100,000 ba, ko sisi ba za ta biya ba, har ɗaki da abinci. Amma kada ta ɗora ranta a kai. Abin da ke hannunta yana gida. Tun 1997, lokacin George W. Bush yana gwamna, Texas ta yi doka cewa duk wanda ya fito cikin kashi 10 na sama a makarantarsa ta sakandare yana da gurbi kai tsaye a jami'o'in jihar. Jami'ar Texas da ke birnin Austin, saboda yawan masu nema, ta matse nata zuwa kashi 6, daga baya ma 5. Tunda ita ce ta ɗaya a ajinsu, ta riga ta shiga.

Hadiza: Ba tare da an tambayi asalinta ba.

Malam Garba: Ba a tambaya ba, amma ki duba abin da ke sa dokar aiki. A kudancin Texas, kusa da iyakar Meziko, akwai makarantun da kusan kowane ɗalibi ɗan Latino ne. Idan ka kwashi na sama a kowace makaranta, dole su shigo. Wato rarrabuwar unguwanni ce ke ciyar da dokar.

Nura: Ke nan da ubanta ya samu kuɗi ya mayar da su unguwar masu hali, wataƙila ta zo ta talatin a aji, gurbin ya kuɓuce.

Malam Garba: Yana iya faruwa.

Hadiza: Ikon Allah. Malam, shayinka ya huce tun ɗazu. Nura, mako mai zuwa kai za ka buɗe shirin, sai ka san yadda za ka yi da cunkoson.