Namijin da aka ƙera da ƙarfe da fasassun wayoyi

AUWALU: Jama'a barkanmu da warhaka, daga Jos muke gaishe ku, inda sanyi ya hana mu cire hula yau. Ina tare da Anti Rabi da Kawu Bala. Kawu, kai ka ja mu bayan Farin Gada ranar Asabar, sai ka faɗa wa mutane abin da muka gani.

KAWU BALA: Wani yaro ne mai walda, ya ƙera mutum, tsayinsa ya fi nawa. Ƙafafun bakin shebur ne, ƙashin bayan sarkar babur, ƙirjin kuwa fasassun gilasan waya ne ya jera su kamar sulke. A kansa kwanon ɗaukar ƙasa irin na 'yan kuza. Amma hannun ne ya tsayar da ni. Duk igiyoyin caja ne a nannaɗe, siriri kamar na mai jinya, sai babban yatsa guda, ƙato, ya kai tulu.

RABI: Yatsan latsa waya ke nan.

AUWALU: Yatsan mayinin, wato haƙar kuɗin kirifto a waya! Ni dai da na gani kunya ta kama ni, don a 2024 ina cikin waɗanda suka kwana suna ƙwanƙwasa Hamster Kombat, wasan nan na waya da aka ce za a biya masu latsa shi. Wata da watanni. Da aka fashe a watan Satumba, abin da na samu ko kuɗin datana bai mayar ba.

KAWU BALA: Kai ma ashe. To ka ga abin da yaron ya hango. Kakana ya yi haƙar kuza a Bukuru, shi ma haƙa sunan aikinsa, ku ma haƙa kuke cewa. Shi kafaɗarsa ta yi kanta, ku yatsa. Kuma kada a ɗauka zamaninsu daɗi ne. Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942, Turawa tilas suka riƙa kwaso mutane daga larduna zuwa ramukan nan, sanyi da yunwa suka kashe da yawa. Sai dai in ya dawo gida da yamma, kowa ya ga jar ƙasa a jikinsa ya san ya fita nema. Yau yaro na kwance kan katifa yana aikin da ake biyansa da dala, uwarsa tana ce masa zauna-gari-banza.

RABI: Kawu, a nan zan ɗan ja da kai. Kwanon nan da aka ɗora wa namiji a ka, su wa suka fi ɗaukarsa? Mata. Je ka bakin kududdufan kuza har gobe, mata ne ke jidar ƙasa suna wankewa. Ya ara kayan aikinmu ya yi wa maza kuka da shi.

AUWALU: Na tambaye shi wannan fa, Anti. Ya ce kwanon na mahaifiyarsa ne, da shi ta biya masa kuɗin koyon walda.

RABI: To shi ke nan, na janye rabi. Ni abin da ya fi burge ni aljihun ne. Na zaci kuɗi zai cusa, sai na ga takardun POS ne cunkus.

AUWALU: Ai ba zai taɓa naira ba, dokar Babban Banki ta 2007 ta hana wulaƙanta ta. Kuma takardar POS da zafi ake buga ta, ba da tawada ba, shi ya sa rana na dukanta rubutun ke gushewa. Na zaro guda, fara fat, ba ka sanin dubu biyar ce ko dubu ɗari.

RABI: Sai ta tuna min farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Magidanci da kuɗinsa a banki, ya kasa ba da na cefane. Maƙwabcinmu tun asuba yake layin ATM, ya dawo da la'asar yana sanɗa kamar ɓarawo. Ba talauci ya same shi ba, amma a gidansa ba a karɓar alat a madadin tumatir.

KAWU BALA: Wasu za su ce gunki muka je kallo. Ni mutum-mutumi na gani. Kun san kan nan na yumɓu na mutanen Nok na dā da aka kai wa Bernard Fagg, Bature masanin kayan tarihi, a 1943? A wajen haƙar kuza aka tono shi, wani ya kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye, abin da ya haura shekara dubu biyu a ƙasa. Fagg ɗin ne ya buɗe gidan tarihin Jos a 1952.

AUWALU: To wannan wa yake kora?

RABI: Masu bin bashi mana.

AUWALU: Kawu, an taya kuwa?

KAWU BALA: Mutum ɗaya. Wani ɗan gwangwan ya zagaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa ƙafar, ya ce a cire gilasan da igiyoyin a ɗora masa sauran a sikeli.