Ka Ƙara, An Ƙara a Kanka: Me Za Ka Yi Kafin a Shimfiɗa Kati?

Assalamu alaikum jama'a. Daga Gusau nake magana, don haka bari in share fage tukuna. Tun shekarar 2000 Zamfara ke bin shari'a, caca kuwa haramun ce, ba sai Hisbah ta tuna mana ba. Foka, wato wani wasan kati, ita za mu duba yau, kuma ita ce wadda samari ke bugawa a waya da kwabban wasa, waɗanda ko kofin shayi ba za su saya maka ba. Lissafin ne ya kawo mu.

A salon Texas Hold'em, kowa ana ba shi kati 2 a rufe kafin a shimfiɗa 3 a tsakiya, wato fulof. Mutum biyu ke sa kuɗin dole, a ce 50 da 100. Ka leƙa katinka, ya yi maka, ka ɗaga zuwa 250. Sai na bayanka ya ce 750. Wannan ake kira tiri-bet: kuɗin dole na ɗaya, naka na biyu, nasa na uku.

Nan ne zuciya ke ɗibar mutane. Wani ya ji kamar an raina shi, ya bi da kowane tarkace. Wani kuma da ya ji tsawa sai ya zubar.

To mu ƙirga. A tsakiya akwai 1,150, kai kuma 500 za ka cika. Ke nan kana bukatar cin kusan kashi 30 cikin 100 kafin bi ya biya ka. Shi fa? Ya sa 750 ne don ya kwashe 400 da ya tarar. Idan kana zubarwa fiye da kashi 65 cikin 100, ko da katin banza ya yi maka barazana riba yake ci. Ka zama saniyar tatsa.

Amma kashi 30 ɗin nan yana da ruɗi, domin wasa bai ƙare ba, kuma shi ne mai magana bayanka a kowane zagaye. Kamar ciniki ne a kasuwar Talata Mafara: wanda ya ji tayin kowa kafin ya buɗe baki ya fi samun sauƙi. In kai ke fara magana, rage hannayen da kake bi da su. In kuma kai ke magana bayansa, ka ɗan saki jiki.

A ne babban kati, sai K, sai Q, sai J. Katin da ya fi cin mutane shi ne A da J masu fure daban, wato alamar da ke jikinsu ba iri ɗaya ba ce. Kyan ɗan maciji ne. In ya haɗu da A da K, kusan sau 1 cikin 4 kawai yake ci, kuma ranar da A ya fito a tsakiya, ranar ce za ka zuba komai kana murna. Ni dai zubar da shi nake yi. Ƙananan tagwaye, kamar 6 da 6, suna samun na ukunsu a fulof kusan kashi 12 cikin 100 ne. Kada ka bi sai in ku biyun kuna da wajen ninki 15 na abin da za ka cika, a nan 7,500.

AA da KK ba su da dogon zance. Sake ɗagawa, zuwa wajen 1,700.

Sai dai in da su kaɗai kake ɗagawa, kowa ya gano ka. Shi ya sa gwanaye ke surkawa da A da 5 masu fure ɗaya. A ɗin da ke hannunka ya rage hanyoyin da zai riƙe AA daga 6 zuwa 3, na AK daga 16 zuwa 12. In ya maido da duk abin da ke gabansa, ka zubar ba ciwon rai.

Duk wannan da mai yawan barazana ake yin sa. Akwai kuma wanda tun bayan isha'i bai ɗaga kan kowa ba, yanzu ya ce 750. Malam, ko A da Q ke hannunka, ka ce albarka, a raba na gaba.