Waswasin da ya zama ciwo: lacca daga Zinder

Wannan wani ɓangare ne na laccar da wani ma'aikacin lafiya ya gabatar a wata majalisar matasa a unguwar Birni, na rubuto daga abin da aka naɗa a waya.

To jama'a, bayan sallama, yau maganar waswasi za mu yi, wanda likitoci ke kira TOC da Faransanci. Kowa na yin shakka jefi-jefi, shin na kulle ƙofa ko ban kulle ba, wannan ba ciwo ba ne. Ana kiransa ciwo idan ya fara cinye ma mutum sama da awa 1 kullum, ya hana shi aiki ko karatu. Kuma bincike ya nuna kusan mutum 2 cikin 100 na gamuwa da shi a rayuwarsu, galibi yana farawa tun ƙuruciya ko wajen shekara 20.

Ƙafa biyu gare shi. Ta farko tunani ne da ke faɗo ma mutum ba da sonsa ba, najasa ta taɓa ni, alwalata ta karye, ko wata mummunar magana game da Allah da ba zai iya furtawa ba, ko mai jego ta riƙa ganin kamar za ta cutar da jaririnta alhali ta fi kowa sonsa. Ta biyu ita ce abin da yake yi don hankalinsa ya kwanta. Ku dubi yaron da ke tsugune bakin masallaci, buta ta ƙare ya sake cikowa, liman ya tada kabbara har ya kai raka'a ta uku shi yana nan yana cuɗa gwiwar hannu, fatar ta yi fari ta tsattsage, a garin da muka san wahalar da ake sha kafin a samu bidon ɗaya na ruwa. A gida ana ta yi masa faɗa wai ɓarna yake, wasu su ce aljanu, wallahi yaron nan ya fi kowa sanin abin ba daidai ba ne, kasa dainawa ya yi.

Nan nake so ku natsu. Duk sanda ya sake alwalar zai ji sauƙi na 'yan mintoci, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka maimaitawar ce ta cece shi, gobe shakkar ta dawo da ƙarfin da ya fi na jiya. Haka ma ke Inna da yake tambayarki sau goma wai rigata na da tsarki, kina cewa e don tausayi, ciwon kike ciyarwa ba ki sani ba.

Shi ya sa babban maganin shi ne horo tare da masanin halayya. A hankali ake kusantar da mutum ga abin da yake tsoro, a hana shi maimaitawa, ya wanke sau uku ya ajiye buta ya shiga sahu zuciyarsa na bugawa, ya zauna da damuwar har ta sauka da kanta, kuma tana sauka. Malamanmu ma haka suka ce, a Risala an faɗa cewa wanda shakka ta aure shi cikin salla ya kau da kai daga gare ta. Sahabbai kuma sun kai ma Annabi (SAW) kukan munanan tunanin da suke jin nauyin faɗa, ya ce wannan shi ne tsantsar imani, hadisin na cikin Muslim.

Akwai ƙwayoyi kuma, irin su fluoxetine, sertraline da clomipramine, amma likita ne zai rubuta, kar a saya wajen masu tallar magani a kasuwa. Sai an yi sati 8 zuwa 12 ana sha kafin a ga cikakken amfaninsu, mutanenmu kuwa sati biyu sai su ce ba ya aiki su watsar, kuma ko an ji sauƙi ba a yankewa rana ɗaya.

Wanda ya ga alamun nan gare shi ko ga ɗansa ya fara da likitan unguwa, ya faɗi tunanin yadda yake ba ɓoye-ɓoye, za a tura shi wajen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Malam na ga ka ɗaga hannu tun ɗazu, bismilla.