Asalin Ƙarin Fata da Ba a Cika Gani Ba, da Yadda Ake Gano Shi

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran mahalarta, barkanmu da wannan lokaci. Maganarmu ta yau a kan wasu ire-iren ƙarin fata ce waɗanda likita zai iya shafe shekaru bai ci karo da su ba, kuma tambayar da zan riƙe ita ce: daga wace ƙwayar halitta ƙarin ya tsiro, kuma ta yaya ake sanin haka?

Fata ta tara ƙwayoyin halitta iri-iri. Akwai masu yin rufin sama, da masu ba ta launi, da masu saƙa zaren da ke ba ta ƙarfi, da masu fitar da gumi da maiƙo, kuma kowacce daga cikinsu tana iya rikiɗewa ta zama ƙari. Matsalar ita ce, a ido kusan duk kama ɗaya suke yi, wato ɗan kumburi wanda sau da yawa ba ya ciwo.

Bari mu daɗe a kan sankarar Merkel, domin ita ce ta fi koyar da mu. A 1875 wani Bajamushe, Friedrich Merkel, ya bayyana wasu ƙwayoyi a gindin rufin fata masu taimakawa wajen jin taɓawa. A 1972 wani likita, Cyril Toker, ya bayyana wani ƙari mai saurin girma, wanda daga baya aka ga ya yi kama da waɗannan ƙwayoyi, aka jingina shi gare su. To amma kama daban, asali daban. Ƙwayar Merkel da ta balaga ba ta rarrabuwa, sannan ƙarin yawanci a ƙarƙashin rufin fata ake samunsa, ba a mazauninta ba. Shi ya sa har yau masana suke muhawara, wasu suna ganin ya fito ne daga ƙwayoyin tushe na fata, wato waɗanda sauran ƙwayoyin fata suke tsirowa daga gare su, wasu kuma suna duban ƙwayoyin garkuwar jiki da ba su balaga ba. A 2008 masu bincike a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, ƙarƙashin Yuan Chang da Patrick Moore, suka gano wani bairos da ke shiga cikin gadon halittar ƙarin a kusan kashi 80 cikin 100 na masu cutar. Sauran kuwa ɓarnar hasken rana ce take jawo su. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa cutar ta fi kama tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki, kamar waɗanda aka yi wa dashen ƙoda.

Idan aka yanko ɗan naman aka duba a madubin likita, ƙananan ƙwayoyi ne masu shuɗin launi cunkushe da juna, kuma haka sankarar huhu mai ƙananan ƙwayoyi take bayyana idan ta bazu zuwa fata. A nan rini na musamman yake raba gardama. Sankarar Merkel tana kama rinin furotin CK20, yana fitowa a matsayin ɗigo a gefen cibiyar ƙwayar, amma ba ta kama rinin furotin TTF-1, ta huhu kuwa akasin haka take yawanci. Wannan bambanci shi ne zai faɗa wa likita ko ya nufi kaluluwar da ke kusa da ƙarin, ko ya nemi tushen cutar a ƙirji.

Sankarar ma'ajiyar maiƙo kuma ta fi fitowa a fatar ido, ana yawan ɗaukarta hazbiya ce mai dawowa, kuma a wasu iyalai alama ce ta gadon sankarar hanji.

Na ƙarshe shi ne wanda nake so ɗalibanmu su riƙe da kyau, wato damatofaibirosakoma, wanda likitoci Darier da Ferrand suka bayyana a 1924, kuma ya fi yawa a baƙar fata fiye da farar fata. Yana tsirowa ne a sashen da masu saƙa zaren fata suke, yana girma a hankali shekara da shekaru, har a ɗauka tabo ne mai kumbura. Ƙwayoyinsa suna kama rinin furotin CD34, kuma a mafi yawansu ɓangaren kuromosom (ƙunshin gadon halitta da ke cikin ƙwaya) na 17 ya haɗe da na 22, abin da ke sa ƙwayar ta riƙa aika wa kanta umarnin girma babu tsayawa. Sanin haka ne ya ba da damar amfani da maganin imatinib ga wanda tiyata ba za ta iya cire masa ƙarin ba. Ba kasafai yake bazuwa nesa ba, sai dai yana kutsawa cikin kitsen da ke ƙarƙashin fata kamar saƙar zuma, ya wuce iyakar da hannu yake ji, don haka yake dawowa idan an cire shi a ƙuntace. A ganina, kuskuren da ya fi yawa a nan yana faruwa ne tun wajen ɗibar samfuri. Wanda ya kankaro saman ƙarin kawai ya aika ɗakin gwaji, ya hana mai duba madubi ganin wannan kutse, don haka dole yankan ya yi zurfi har ya haɗa da kitse, a kuma rubuta masa tsawon lokacin da kumburin ya ɗauka yana girma.